Kofin Baban Afiniki

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe 4:20 na yamma

Wannan littafin ragowar rajistar 'yan aji huɗu ne na bara. Shafi talatin ya rage babu rubutu, na ce bari in cika shi, tunda ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke cikina. Ba zancen kai wa fasto ba ne. 'Yata Afiniki tana Kaduna da nata gidan, kuma ba magana ba ce da uwa take yi da 'ya.

Shekara ashirin da shida da aurena da Ezekiyel. Shekara takwas yana fama da ciwon shuga. Shekara biyu da wata uku rabon da ya neme ni a matsayin matarsa. Na ƙirga, ai lissafi nake koyarwa. Ba faɗa muka yi ba, da faɗa ne da sauƙi, wannan na iya. Abin ya fara ƙi ne a hankali, yau ya yiwu gobe bai yiwu ba, har wata rana ya ɗauki filonsa ya koma doguwar kujerar falo, wai ɗakin ya cika zafi. Sanyin Disamba ya zo ya wuce sau biyu, har yau ɗakin zafi yake yi.

Na taɓa cewa mu je asibiti mu tambaya. Ya dube ni kamar na zage shi a tsakiyar kasuwa, ya saɓa fartanya ya tafi gonar citta da rana tsaka.

Yau bayan koyon waƙar zumuntar mata, ƙawata Faustina ta ja ni bayan coci ta cusa mini wani kati a jaka. Ƙwaya huɗu ne, shuɗɗa.

"Maman Afiniki, fuskan ki ya gama faɗa," in ji ta. "Oga na ma haka ya yi, yanzu ni ne nake gudu. Amma kar ki gaya mashi, namiji in ya sani kunya zai kashe shi. Ki niƙa ki sa a kunu."

Na ɓoye katin a gwangwanin kanwa. Kunya nake ji, kuma raina yana so. Duka biyun gaskiya ne.

Laraba, 4 ga Yuni, ƙarfe 6:10 na safe

Na fito da shi jiya, na mayar.

Jumma'a, 6 ga Yuni, ƙarfe 10:30 na safe, lokacin hutun makaranta

Na sa jiya. Na kankare shuɗin bayan da wuƙa, na niƙa da bayan cokali, na zuba a babban kofinsa na silba. Na ɗanɗana a yatsa, ɗaci ne da shi, sai na ƙara citta da tsamiya. Ya dawo daga gona ƙarfe shida ya shanye tas, har ya ce kunun yau ya yi.

Na yi wanka, na ɗaura zanen da ya saya mini a Jos, ni da jikata biyu. Kafin labaran bakwai su ƙare fuskarsa ta yi zafi, hanci ya toshe, ya riƙe kai yana cewa kamar ana sara. Ya dubi ƙwan lantarki ya ce, "Wannan wuta ya zama bulu ne ko idona?" Na ce masu wuta ne da halinsu. Ya ce ruwan sama ne ya doke shi a gona, ya shafa man zafi, ya miƙe a kujerarsa.

Na ninke zanen na mayar a akwati. Da safe ya tashi garau, ni ce na tashi da ciwon kai.

Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe 3:00 na yamma

Na biyu ma haka. Wannan karon na ce ko yunwa ce ta hana, sai na yi masa tuwon acca da miyar gyaɗa da naman alade mai kitse, ya ci ya ƙoshi ya bi da kunun. Ƙwarnafi ya tashe shi, ya yi ta gyatsa yana neman kanwa. Saura kaɗan ya buɗe gwangwanin da kansa, na riga shi da gudu.

Faustina ta ce, "Jikin shi ya yi tauri ne. Ki sa biyu."

Na gaji tun ban fara ba.

Jumma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe 7:15 na safe, a bencin asibiti

Ban san ta ina zan fara ba.

A gidan su Ezekiyel akwai al'ada tun daga kakansu: ƙane ba ya shan abu a gaban wansa sai ya miƙa masa ya fara. Ruwa ne, kunu ne, ko a biki ne. Shekara ashirin da shida ina ganin wannan da idona. Wansa Yaya Azariya gidansa yana bayan namu, katanga ɗaya. Amma dattijon ikkilisiya ne, kowace Alhamis yana mitin ɗin dattawa har magariba, shi ya sa na zaɓi Alhamis. Jiya aka ɗaga mitin saboda fasto ya tafi jana'iza Kagarko.

Na ajiye kofin a gaban Ezekiyel na koma kicin ɗauko cokali. Ina fitowa na ga kofin a bakin Yaya Azariya. Ƙishi yake ji, daga kasuwa yake da ƙafa. Bai kurɓa ba kamar kullum, sha ya yi har ƙasa, ya bar ɗan guntu ya ce, "Hulda, hannunki bai tsufa ba."

Na tsaya da cokali a hannu. Da na buɗe baki a lokacin. Ban buɗe ba. Na ce a raina, iyaka kai ya yi masa ciwo ya shafa man zafi shi ma.

Yaya Azariya yana da ciwon zuciya shekara bakwai. Yana shan ƙwaya safe da yamma, akwai kuma wata ƙarama da ake sa masa a ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe. Wannan ma na sani. Abin da ban sani ba shi ne nasa da wanda na sa ba sa haɗuwa.

Ba a yi awa ɗaya ba muka ji ihun matarsa Yaya Milka ta katanga. Ya tashi daga kujera jiri ya kwashe shi, ya ce ƙirjinsa, ta sa masa ta ƙarƙashin harshe kamar yadda aka koya mata. Sai ya zube gaba ɗaya, goshinsa ya bugi dakali. Ezekiyel ne ya goya shi zuwa bakin titi, muka sa Yaya Azariya a keke mai ƙafa uku.

A asibiti nas ta auna ta sake aunawa, ta ce jinin ya faɗi ƙasa ƙwarai. Suka yi ta tambaya me ya ci, me ya sha. Na ji Yaya Milka tana cewa a ƙara masa ta ƙarƙashin harshe. Nan ne ƙafata ta kai ni wurin nas ɗin, ba ni na kai ta ba. Sista Bernice sunanta, na koyar da ƙanwarta. Na ja ta lungu na nuna mata katin da babu komai a ciki, na ce biyu.

Ta ruga wurin dokta. Suka ɗaga ƙafafunsa sama, suka sa masa ƙarin ruwa leda bayan leda, suka karɓe kwalbar maganin daga hannun Yaya Milka.

Ya buɗe ido da asuba. Ɗinki biyar a goshi.

Asabar, 14 ga Yuni, ƙarfe 2:00 na rana

Dokta ya tara mu ya ce Yaya Azariya ya sha wani abu da bai jitu da maganinsa ba, Allah ya taimaka an gane da wuri. Bai faɗi suna ba, bai dube ni ba. Rufa mini asiri ya yi, amma da ya san danginmu da ya zaɓi wasu kalmomin.

Yaya Milka ta juyo a hankali. "Wani abu? Tun safe bai sa komai a baki ba sai kunu a kofin ƙanen shi." Sai ta tono zancen iyakar gonar babansu ta Kagoro, wanda aka binne tun shekara goma. Ta ce dama ta san ba a gama ba.

Ezekiyel ya ce, "Yaya Milka, ni na goya shi a bayana." Ta ce mai laifi ma yana goyo.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe 1:30 na rana

Bencin da Ezekiyel yake zama a coci na mutum shida ne. Yau shi kaɗai ya zauna a kai. Na hango shi daga wurin mata yana riƙe da littafin waƙa, yana rerawa da ƙarfi kamar ba komai.

Fasto ya yi wa'azi a kan Kayinu da Habila. Ya ce tun watan jiya ya shirya shi. Wataƙila.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe 5:40 na safe

Ban iya addu'a ba. Na durƙusa dai.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe 4:45 na yamma

Yau ce gayyar cirar ciyawa a gonarmu. Mutum goma sha biyu suka saba zuwa, Ezekiyel ma ya yi wa kowannensu. Na dafa wake da shinkafa babbar tukunya, na kai gona a ka kafin in wuce makaranta. Mutum biyu suka zo, su ma da nasu ruwan a gora.

Da ya dawo ya zauna a dakali yana wanke ƙafa. Ya ce wani ya ce masa ya binciki matarsa, tunda ita ta dama. "Na ce mashi, matana shekara ashirin da shida tana dama mini kunu. In za ta kashe ni ai da ta yi tun lokacin da nake shan burkutu." Ya yi dariya, yana jira in taya shi.

Na taya shi. Daga nan na shiga kicin na zauna a kan turmi, na daɗe ban tashi ba.

Faustina kuwa in ta hango ni sai ta tuna ta bar wani abu a wuta.

Asabar, 21 ga Yuni, ƙarfe 12:00 na rana

An sallami Yaya Azariya jiya. Na koma asibiti ni kaɗai in yi wa Sista Bernice godiya, ita kuma ta zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya.

"Malama, maganin ba shi da laifi, yana aiki," in ji ta. "A cikin maza goma, shida ko bakwai suna samun sauƙi. Masu shuga ba su kai haka ba, ki ce rabi. Amma ba ya tada mutum da kan shi. Sai zuciyan shi yana wurin, sai ya matso kusa da ke. Kin ba mutum bai sani ba, ya je ya kwanta a falo, me kike jira?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce abinci mai maiƙo yana jinkirta shi, na tuna naman aladena. Ciwon kai, zafin fuska, toshewar hanci, ƙwarnafi, ganin shuɗi, duk an san su, suna wucewa. Ƙwaya biyu ba ta ninka aiki, wahala take ninkawa. Wanda kuma yake shan irin maganin zuciyar Yaya Azariya, ko rabi kada ya taɓa, don su biyun suna buɗe hanyar jini lokaci ɗaya, sai jinin ya faɗi.

"Da kun ƙara minti talatin a gida, da yanzu wani magana muke yi. Ni ba zan gaya wa kowa ba, aikina ne. Amma ina jin abin da ake faɗa a kan mijin ki a kasuwa."

Ni ma ina ji. In na yi shiru, shi ne wanda ya sa wa ɗan'uwansa guba. In na yi magana, duk Kafanchan za ta san abin da ya fi son mutuwa a kan a sani. Na juya lissafin nan ta kowace fuska, amsa ɗaya ba ta fito da daɗi ba.

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe 5:10 na yamma

An sa ranar taron dangi, Asabar biyar ga Yuli, a gidan kakansu a gindin dutsen Kagoro. Za a ajiye Littafi Mai Tsarki a tabarma, Ezekiyel ya dafa ya faɗi abin da ya sani. Shi har murna yake yi, wai gara a yi a gama.

Na kai wa Yaya Azariya lemo, wanda ba a ɓare ba, don kada a ce. Yaya Milka ta tafi niƙa. Yana kwance a falo, ya rame, filasta a goshi. Ya ce in zauna.

"Hulda, da na farka a asibiti, farin rigan nas ɗin bulu na gan shi. Hancina a toshe." Ya ɗaga ido ya kalli silin. "Na san wannan bulu ɗin. Kafin zuciya ya kama ni, na sha shi shekara biyu. Dokta ne ya hana ni."

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Ezekiyel ya sani?"

Na girgiza kai.

"Tun yaushe yake fama?"

Na faɗa masa. Ya rufe ido ya ce katanga ɗaya, uwa ɗaya, amma ko sau ɗaya ba su taɓa yin zancen ba. Sai ya ce, "Ni ba zan gaya mashi ba. Ke kika dama, ke za ki faɗa. Tashi, Milka tana hanya."

Laraba, 25 ga Yuni, ƙarfe 6:00 na safe

Gobe.

Alhamis, 26 ga Yuni, ƙarfe 6:00 na safe

Gobe.

Jumma'a, 27 ga Yuni, ƙarfe 6:30 na yamma

Na bi Ezekiyel gona bayan an tashi daga makaranta, don a gida katanga tana da kunne a bayanta, kunnen Yaya Milka. Yana tsugune a cikin citta shi kaɗai, ciyawa ta kusa fin ta tsawo. Na tsaya a kansa na faɗa duka, tun daga bayan coci har gwangwanin kanwa. Ban yi kuka ba sai da na zo kan zanen Jos.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da cirar ciyawa, yana karkaɗe ƙasar saiwar yana jefarwa.

Can ya ce, "Sau nawa?"

Na ce uku.

"Ranan da na ce wuta ya zama bulu, na ɗauka shuga ne ya fara cin idona. Sati ɗaya ina tunanin yadda zan gaya maki zan makance."

Na ce, "Baban Afiniki, na yi kewarka ne."

Ya ce, "Je ki gida, Hulda." Rabon da ya kira ni da sunana tun kafin a haifi Afiniki.

Lahadi, 29 ga Yuni, ƙarfe 2:00 na rana

Bai taɓa abincina ba tun shekaranjiya. A tasha yake ci, mai shuga, burodi da lemon kwalba.

Talata, 1 ga Yuli, ƙarfe 4:00 na yamma

Kofin yana kan tebur a kife. Na wanke shi sau biyu yau, ba wanda ya sha komai a ciki. Afiniki ta kira, na ce kowa lafiya.

Alhamis, 3 ga Yuli, ƙarfe 7:00 na safe

Yana ɗaure takalmin gona, bai dube ni ba, ya ce, "Ranan Asabar zan ce maganina ne, ni na sa a kofina, na manta na miƙa mashi. Kar ki buɗe baki."

Na ce ai ni ce na yi, bari in faɗa. Ya ce in an ce mace ta sa wa mijinta magani a abinci, ba zan sake tsayawa a gaban aji ba, ba zan sake shiga zumunta ba. Shi kuma ko ta wace hanya an riga an tuɓe shi.

Yana fushi da ni, kuma yana tare mini. Da ya mare ni da na fi samun barci.

Asabar, 5 ga Yuli, ƙarfe 5:30 na yamma

Mun dawo.

Mutum ya kai arba'in a ƙarƙashin mangwaro, maza a benci, mu a tabarma. An yi addu'a, kawunsu ya buɗe taro, aka ajiye Littafin. Ezekiyel ya miƙe. Ya ce, "Abin da zan faɗa..."

"Zauna," in ji Yaya Azariya. "Tun yaushe ƙane yake riga wansa farawa a gidan nan?"

Ya dogara sanda ya tashi. Bai dafa Littafin ba, na lura da wannan, ban san ko wani ya lura ba. Ya ce yana neman gafarar dangi don ya bar su suna zargin marar laifi saboda kunya. Ya ce akwai ƙwayar ƙarfin maza da dokta ya hana shi, ranar Alhamis ɗin ya saya a kemis a hanyar kasuwa ya haɗiye, kunun Hulda korawa kawai ya yi.

Sai wani daga baya ya kasa riƙewa, dariya ta fashe daga benci zuwa benci. Dattijon ikkilisiya, shekara sittin da shida. Kawunsu yana cewa a yi shiru, shi ma yana goge ido. Waɗanda suka ƙi zuwa gayya suka taso suna ba Ezekiyel hannu.

Ezekiyel bai karɓi hannun kowa da kyau ba. Wansa kawai yake kallo.

Yaya Milka ce ba ta yi dariya ba. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa. Na gane abin da take lissafawa: in ya saya, ba don ita ba, to don wa?

Lahadi, 6 ga Yuli, ƙarfe 3:20 na yamma

Ba zan bar ta da wannan ba. Na same ta tana tsince wake a bayan gida, na faɗa mata.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Sai ta ce, "Naki shekara nawa?" Na ce biyu da 'yan watanni. Ta ce, "Nawa bakwai. Ban sa wa kowa komai a kunu ba."

Na ce haka ne.

"Kin kusa mayar da ni gwauruwa, yanzu kuma 'yan okada suna yi wa mijina kirari a tasha. Zan yafe maki don Yesu ya ce, amma ba yau ba." Ta turo mini tiren da ƙafa. Na zauna muka gama tsintar waken.

An ce Yaya Azariya ya huta da mitin ɗin dattawa har wata uku.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe 1:00 na rana

Da safe Ezekiyel ya ɗauko katinsa na asibiti ya tsaya a ƙofa. Ya ce, "Yayana ya sha kunya a kan abin da ban ma gwada da kyau ba. Sa takalmi."

Dokta ya auna jininsa da shugansa, ya tambayi duk magungunan da yake sha ɗaya bayan ɗaya, ya saurari ƙirjinsa. Ya rubuta rabin ƙarfin wadda Faustina ta ba ni. Awa ɗaya kafin lokaci, ba a kan abinci mai nauyi ba, ba fiye da ɗaya a rana ba. Kada a yanke ƙauna sai an gwada sau shida zuwa takwas, in bai yi ba akwai wani iri. In abin ya tashi ya ƙi kwanciya har awa huɗu, ko gani ya dushe farat ɗaya, a zo asibiti da gudu. Ya ce shugan ne tushen, a bar lemon kwalba.

"Kuma da hannun ka za ka sha," ya ce, yana rubutu. Ni dai na ƙura wa kalandar bango ido.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe 6:20 na safe

Filon ya dawo ɗaki. Ciwon kai da hanci kawai, ba wani abu. Mun kwanta kamar buhu biyu a sito, amma a ɗaki ɗaya.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe 6:20 na safe

Haka dai.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe 6:45 na safe

Ba kamar dā ba. Amma yau yana waƙa a wurin wanka, har na makara.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe 6:50 na yamma

Ya koma cin tuwona tun makon jiya, daga kwano ɗaya da ni. Kunu ne bai sake nema ba, ni ma ban yi gigin damawa ba. Yau ya dawo daga gona ya zauna a dakali ya ce, "Babu kunu a gidan nan ne?"

Na dama a gabansa, a tsakar gida, gero da tsamiya da citta kaɗan. Na juyo kofin silbar na cika na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya riƙe, yana kallon ciki. Sai ya miƙo mini.

"Fara."

A gidansu babba ake miƙa wa haka. Wanda ba a yarda da shi ba ma haka ake yi masa. Na dubi fuskarsa ban gane wanne ba ne, kuma na gaji da lissafi.

Na sha, na mayar masa. Ya shanye sauran har ƙasa, ya ce gobe in rage tsamiya.